Ɗan Kwikwiyon Marigayi

Ranar kasuwar dabbobi ce a garin At-Bashi, ƙanƙara ta fara narkewa ta mai da filin kasuwar taɓo har idon sawu. Cholpon ta ratsa tsakanin masu tumaki da masu dawaki, rungume da wani abu cikin tsohon kwat ɗin maza, tana tambayar inda likitan dabbobi yake. Aka nuna mata wata 'yar rumfar kwano a ƙarshen layi.

Saurayi ta tarar, dogo siriri, yana wanke hannu a bokiti. Ya ɗago kai, ita ma ta ɗago, sai kowa ya yi saurin kawar da ido kamar an kama shi da laifi.

"Ɗan rago ne?" ya tambaye ta.

"Kare ne. In ba ka duba karnuka, gaya mini in kama hanya."

"Ajiye shi a nan."

Ta buɗe kwat ɗin a kan tebur. Ɗan kwikwiyon taigan ne, irin karnukan farautar nan masu dogayen ƙafafu, bai fi wata biyu ba. Amma ba ka cewa fuskar kare ce. Bakin ya kumbura suntum, fatar idanun ta rufe ruf, ƙuraje sun feso a leɓe da hanci, wasu sun fashe suna zubar da mugunya. Ƙarƙashin muƙamuƙinsa kuwa kaluluwa ce jere kamar ƙwan kaza.

Saurayin ya tattaɓa shi a hankali, ya leƙa kunnuwan, ya kankaro 'yar fata ya duba a madubinsa mai ƙara girman abu. Kwikwiyon bai ko yi ƙara ba, numfashi kawai yake ja da ƙyar.

"Yaushe ya fara?"

"Shekaranjiya lafiyarsa ƙalau, yana jan takalmin mahaifina. Gari na wayewa muka same shi haka. Maƙwabta sun ce a harbe shi kafin ya shafa wa garke."

"Ba ya shafar kowa, ko tunkiya ko mutum. Muna ce masa ciwon shaƙe kwikwiyo. Garkuwar jikinsa ce ta rikice take yaƙar fatarsa." Ya ɗauko allura. "Zan ba ki ƙwayoyi iri biyu. Kumburin zai sauka da wuri, amma kada wannan ya ruɗe ki ki daina. In aka yanke maganin a tsakiya, ciwon yakan dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Kuma kada a matse ƙurajen, ruwan ɗumi kawai."

"Zai rayu?"

"In sha Allah. Sai dai fuskar ba za ta koma yadda take ba."

Hawayen da take riƙewa tun daga gida suka zubo. Ta share da gefen ɗankwali, tana jin haushin kanta.

"Ka yi haƙuri. Ba don kare nake kuka ba. Na wana ne, marigayi Mirlan. Tun kwikwiyon yana cikin uwarsa abokinsa ya yi masa alkawarinsa, har suna ya raɗa masa, Uchar. Sai motar ciyawa ta zame da wan nawa a kan dutse farkon sanyin nan, ya rasu. Da aka haifi kwikwiyon, abokin ya kawo mana shi, ya ce amana ce."

Hannun saurayin ya tsaya cak a kan kwalbar magani.

"Ke 'yar Asanali ce."

"Ka san mahaifina?"

"Wa bai san shi ba?" Ya sunkuyar da kai yana naɗe ƙwayoyin. "Sunana Ermek. Ga lambata, ki riƙa turo mini hotonsa."

*

A gidan Asanali, tun ranar da aka binne Mirlan magana ta yi ƙaura. Tsohon yakan fita wurin tumaki da safe, ya dawo ya sha shayi yana kallon bango. Matarsa Burul ta yi watanni a kwance, fuskarta ga garu, sai an yi da gaske take haɗiyar loma. Zuwan Uchar ne ya fara tashinta. Asanali ya ce kare ba ya shiga ɗakin da ake salla, don haka ta mai da zamanta ɗakin 'yan raguna, inda ake hura murhu. A can take wuni, tana ɗiga masa madara da cokali, tana yi masa hira irin wadda take yi wa Mirlan yana goye.

Yanzu da ya kwanta ciwo, su biyu suka raba aikin. Cholpon ta riƙe kansa, Burul ta jiƙa ƙyalle a ruwan ɗumi tana sassauta ɓawon da ya manne masa idanu. Wari ya cika ɗakin, ba wadda ta toshe hanci.

Kullum da safe Cholpon takan tura hoto. Da farko amsar gajera ce: "Ci gaba da maganin." Ranar da ido ɗaya ya buɗe, sai ga saƙo mai ɗan tsawo.

"Alhamdu lillahi. Mai jinyar fa, ta ci abinci? A hoton nan na ga hannunta ya fi na ran kasuwa ƙanƙanta."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta rubuta: "Likitan dabbobi ne kai, ka tsaya a kan dabbobi."

"Na tsaya. Amma in mai jinya ta faɗi, majinyacina ya shiga uku. Don shi nake tambaya."

Ta yi dariya ita kaɗai a bakin murhu, har Burul ta juyo tana kallonta. Rabon da a ji dariya a gidan an daɗe.

Daga nan hira ta yi tsawo. Ya ba ta labarin shekarunsa na karatu a birnin Bishkek, da yadda ya baro aiki a can ya dawo don jinyar mahaifinsa. Ta tambayi me ke damun tsohon, ya ce ƙafafu ne, ya sauya magana. Duk ran kasuwa takan kai Uchar a sake duba shi, Ermek ya ajiye mata shayi mai zafi da soyayyar fulawa a takarda.

Wata rana ya rubuto: "An sa miki sunan tauraruwar asuba, kuma ba a yi kuskure ba. Ni tun da na dawo garin nan ban ga alamar gari zai waye ba sai ranar da kika shigo rumfata da taɓo a takalmi. Tauraruwata, akwai maganar da nake so in gaya miki baki da baki. Ina tsoronta."

Ta ɗauka ta san maganar. Ta rubuta: "Mai huda doki da allura ne ke tsoron magana? Allah ya kai mu kasuwa."

*

Kafin kasuwar ta zagayo, Kubat ya zo.

Kubat ɗan aminin Asanali ne, mai dawaki da baƙar mota, kuma tun kafin rasuwar Mirlan yake zarya a gidan yana neman Cholpon. Ba mugun mutum ba ne, sai dai bai saba neman abu ya rasa ba. Ya ga Cholpon a rumfar kwano ba sau ɗaya ba, ya ga irin dariyar da take yi a can.

Ya zauna a kan shimfiɗa, Cholpon tana zuba musu shayi.

"Na ji karen naku ya samu sauƙi," in ji shi. "Kai, Baba Asanali, kana da zuciya. Ni da ba zan iya ba."

"Iya me?"

"Karɓar magani daga hannun ɗan Toktosun."

Butar shayin ta kusa suɓuce wa Cholpon. Toktosun shi ne direban motar ciyawar. Shi ya fita da rai, Mirlan bai fita ba. Har yau bai tako gidan ya yi ta'aziyya ba, ko aike bai yi ba. Sunansa ma ba a ambata a gidan.

Asanali ya juyo gare ta. "Gaskiya ne?"

"Ata, wallahi ban sani ba," ta ce, don haka suke kiran uba.

"Shi ai ya sani," Kubat ya ce yana hura shayinsa. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban ya ɓoye fuska, ɗan ya ɓoye suna."

Asanali bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya shiga ɗakin 'yan raguna, ya kwashe ƙwayoyin daga kan taga ya watsa su cikin murhu. Burul ta kama hannun rigarsa, ya zare.

"Karen ya warke. Ko bai warke ba, abin gidan nan ba zai ci daga hannunsu ba. Ke kuma, ƙafarki ta fita daga kasuwa."

Cholpon ta koma bayan gida, ta rubuta wa Ermek: "Ɗan wa ne kai?"

Amsar ba ta jima ba. "Ɗan Toktosun. Ita ce maganar da nake tsoro. Ranar farko na so in faɗa, sai na ga in na faɗa za ki ɗauke Uchar ki tafi, ya mutu a hanya. Daga baya kuma don kaina na yi shiru, wannan ba ni da hujja. Ki tsane ni in kin ga dama, amma don Allah kada a yanke maganin."

"Na zauna a gabanka ina kukan ɗan'uwana, kana kallona ka san komai. Kada ka sake rubuto mini."

Ya sake rubutowa sau ɗaya. "Na ji. Zan bar ƙwayoyi wurin mai shagon bakin gada, da sunanki. Ba sai kin gan ni ba."

Ba ta je ba. Rabi tsoron mahaifinta, rabi fushi. Kuma ga Uchar yana tsalle a tsakar gida, yana bin kaji, sai ta ce wa ranta wataƙila ma ya warke ɗin.

*

Ba a yi mako ba ciwon ya dawo.

Wannan karon har cikin kunnuwa ya shiga, mugunya na tsiyaya daga ciki. Kaluluwar wuyan ta fashe ta bar rami. Ƙafafunsa suka sage, in ya yunƙura sai ya kife. Ya daina karɓar madara, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto.

Burul ta daina shiga gida. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora kansa a cinyarta, ita ma ta daina cin abinci. Cholpon ta ji ta tana cewa, "Kada ka tafi kai ma, ɗana," amma ba ta san da wanne daga cikinsu uwar take magana ba.

Da hantsi Asanali ya shigo da bindigarsa a kafaɗa.

"Ba ni shi. Azabtar da shi kawai muke yi."

Burul ta ɗago jajayen idanu. "Wancan ba ka bar ni na ga fuskarsa ba, ka ce ba za ta kallu ba. Wannan na ga tasa, na wanke ta da hannuna, kuma ban gudu ba. In ka kai shi bayan gida, ka haƙa ramin da faɗi."

"Burul, kare ne."

"Na sani. Shi ya rage mini."

Ya sunkuya ya ɗauke shi duk da haka. Cholpon ta bi shi a baya har gindin tudun da ke bayan garke, tana kuka ba sauti. Ya shimfiɗe kwikwiyon a kan busasshiyar ciyawa, ya ja baya, ya saita bindiga.

Uchar ba ya gani, amma ya san ƙamshin takalmin. Ya ja ciki a hankali, ya zo ya ɗora kumburarren bakinsa a kai.

Tsohon ya daɗe a tsaye. Iska na kaɗa gemunsa.

"Ata," Cholpon ta ce, "laifina ne. Ya gaya mini tun farko in aka yanke maganin haka za ta faru. Ya ajiye mini wani a shago, na ƙi zuwa."

"Ni na ƙona maganin, ba ke ba." Ya sauke bindigar, ya miƙa mata. "Kai wannan ɗaki. Ki ɗauko mini makullin mota."

*

Gidan Toktosun yana ƙauyen ƙetaren kogi. Asanali bai tambayi kowa hanya ba. Ermek na gyaran shinge ya hango su, ya yar da guduma ya taho da sauri. Bai kalli Cholpon ba, bai ce na gaya muku ba. Ya karɓi kwikwiyon ya kai shi rumfa.

"Riƙe mini kansa," ya ce mata.

Ya yi masa allura, ya sa masa ruwa ta jijiya, ya wanke ramin wuyan. Kawunansu na dab da juna. Can ta ce, "Zai rayu?"

"Wannan karon ban sani ba, Cholpon. Ba zan sake ɓoye miki komai ba, ko mai daɗi ko marar daɗi."

Mahaifiyar Ermek ta fito da burodi a faranti, ta tsaya gaban Asanali. A al'adarsu, ba a tako ƙofar mutum a juya ba a taɓa burodinsa ba, ko da gaba ake yi. Asanali ya dubi farantin kamar garwashi ne a ciki.

Sai wata murya ta fito daga ɗaki. "Asanali, in kai ne, ka shigo. Ni ba ni da ƙafar fitowa."

Daga rumfar, Cholpon na hango cikin ɗakin. Mutumin da ta daɗe tana zana wa fuskar mugu a ranta, wani ƙanƙanen tsoho ne a kwance, bargo ya lafe a inda ya kamata ƙafafu su tasa shi.

"Ba wurinka na zo ba," Asanali ya ce daga bakin ƙofa. "Kare na kawo."

"Na sani. Tun da aka sallamo ni nake jira ka zo ka tofa mini yawu. Na ce a ɗauke ni a kai ni gidanka, da muka kai gada na ce a juya. Da wane ido zan kalli Burul?"

"Da ka zo, ko da rarrafe."

"Da na zo."

Asanali ya cire takalmi ya shiga, ya zauna nesa da gadon.

"Nan take Mirlan ya cika?"

"A'a. Ya ɗan jima. Ya ce mini, baba, ƙafata na jin sanyi. Motar ta danne ni, amma na samu na tuɓe kwat ɗina na jefa masa. Ƙirjinsa ya rufe, bai kai ƙafar ba. Na yi ta miƙa hannu, bai kai ba." Ya dubi Asanali. "Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa. Wannan na rantse maka."

Cholpon ba ta taɓa jin kukan mahaifinta ba, ko ranar jana'iza. Ranar ta ji. Da ya fito, ya gutsuri burodin ya kai baki, ya wuce mota.

*

An bar Uchar a hannun Ermek. Ya yi kwanaki tsakanin rai da mutuwa, kullum Ermek na turo hoto, ita kuma tana kai wa Burul. Ranar da ya lashi romo da kansa, Burul ta ce a zuba mata abinci.

Cholpon ta rubuta: "Apa, mahaifiyata, ta ci taliya kwano guda. Na gode."

"Ni fa, an yafe mini?"

"Ban gama fushi ba."

"Zan jira, tauraruwata. Jinya ta koya mini jira."

Da aka dawo da karen, ba wanda ya ce kyakkyawa ne. Gashin bakinsa da kewayen idanunsa bai sake fitowa ba, sai baƙin tabo kamar ƙuna, kunne ɗaya kuma ya toshe har abada. Maharba suka ce ba zai yi farauta ba. Burul ta ce ba ta aike shi ba.

Amma zancen aure, Asanali ya toshe kunne. Da Ermek ya turo kawunsa, ya ce, "Na yafe wa Toktosun tsakanina da Allah. Yafiya daban, haɗa jini daban." Kubat ya ga ƙofa, ya turo nasa dattawan da alkawarin dawaki.

Haka aka hau tsaunin kiwo lokacin zafi, aka sauko da kaka, magana na nan a rataye. Cholpon ba ta yi rigima ba, ba ta kuma yi murmushi ba. Wata safiya suna gyaran sirdi, mahaifinta ya ce, "Mutanen Kubat na jiran amsa."

"Ata, in ka ce in zauna a gidan nan har tsufa, zan zauna. Amma ba zan zuba wa Kubat shayi a matsayin matarsa ba."

"Kin san abin da ke jiranki a wancan gidan? Tsoho gurgu, wanki da ɗauka. Kuma duk safiya za ki ga fuskar da za ta tuna miki da ɗan'uwanki."

"Ina tuna shi ko ban ga kowa ba."

Burul ce ta ƙarasa zancen daga bakin ƙofa. "Mun rasa ɗaya a kan dutse, ba da zaɓinmu ba. Wannan kuma kai ne za ka kashe ta a tsaye. Yaron nan ya san za mu zage shi, bai fasa yi mana alheri ba. Ni na ba shi."

Sai bayan an yi sadakar shekarar Mirlan, baƙi sun watse, Asanali ya kira ƙaninsa ya ce, "Ka gaya wa mutanen ƙetaren kogi su zo da 'yan kunnensu na baiko."

Mahaifiyar Ermek ce ta saƙala wa Cholpon 'yan kunnen da hannunta, tana kuka tana sa albarka. Da yamma saƙo ya shigo: "Yanzu fa, an gama fushin?"

"Saura kaɗan. Sauran a gidanka zan ƙarasa shi."

Ba a yi babban biki ba, gidan bai gama fita daga makoki ba. Aka yanka abin yankawa, liman ya ɗaura aure, aka yafa wa amarya farin ɗankwali. Maza huɗu suka ɗauko Toktosun a kan kujera, karon farko da ya shiga gidan Asanali. Burul ta tsaya a gabansa, ya kasa ɗaga kai. Ita ta zuba shayi ta sa masa kofin a hannu.

Da lokacin tafiya ya yi, jama'a suka ɗaga tafin hannu, aka jira uban amarya. Asanali ya tsaya a tsakar gida, ƙanƙara na sauka a kan hularsa.

"Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, ya karɓi abinsa," ya ce. "Ermek, ban ce ka maye gurbinsa ba, ba mai iyawa. Amma daga yau in na kira ɗa a gidan nan, kai za ka amsa. Allah ya sa hayaƙin murhunku ya miƙe, ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Allah ya sa ku za ku binne mu, ba mu za mu binne ku ba."

Aka shafa, aka ce amin. Ermek ya sunkuya ya ce, "Na amsa, Ata."